Tsinke Biyu da Ƙyallen Barira

Daren jiya wani mafarki ya same ni, ni da ban saba ba. Ni Sallau mai faci, in na kwanta kamar an yar da buhu nake. Amma bari in fara faɗin abin da na kwana da shi a rai, kada a ce kaina ya taɓu.

'Yata Barira ta gama koyon ɗinki. Ranar Asabar za a yaye su, kowacce za ta fito da rigar da ta ɗinka da hannunta. Tun tana ƙarama shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu, ba ta kai ta dama girma ba. In an sayo takalmi sai ta cusa tsumma a na hagun, rigunanta kuwa duk sharar ƙasa suke don kada a gani. Wannan karon ta yanka riga ruwan zuma, ta tsayar da ita a idon sawu. Ta auna ƙafafunta da tsinken tsintsiya, ta ba ni tsinke biyu, dogo da gajere, da ƙyallen yadin. Ta ce, "Baba, in ba a samu takalmin da zai yi wa kowace ƙafa daidai ba, sai in ƙara wa rigar tsawo kawai." Na zaga kasuwa kaf. Kowa cewa yake ba a raba takalmi. Na dawo na kwanta, ban ce mata komai ba.

Sai ga ni a wata kasuwar da rana tsaka, tsinke a bayan kowane kunne, ƙyalle a aljihu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya tafi sama. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe.

Riguna ne ke yawo suna zaɓen mutane. Wata atamfa ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce wa leshin da ke gefenta, "Wannan ɗinkin daren sallah aka yi masa. Dubi kafaɗa."

Na ce, "Ke kuma wa ya taya ki? Ina ake sayar da takalmi?"

"Sai ka bi ta ofis," in ji ta.

A ofis bunsuru ne babba. Yana kan kujera mai juyawa, da tabarau, agogo a ƙaho. Awaki na gefe suna cin takardu, wai haka ake adana su a can.

Ya ce, "Launi?"

Na miƙa ƙyallen. Ya jefa a baki ya tauna.

Na ce, "Kai! Ranka ya daɗe, shi ke nan gare ni fa."

Ya haɗiye, ya lumshe ido. "Ruwan zuma. Mai wannan ɗinkin ba ta ha'inci a kalmasa. Awo?"

Na ji daɗi, amma ban nuna ba. Na ajiye tsinkayen a kan tebur.

"To mene ne damuwar?"

"Ba ka gani ba? Ba su zo ɗaya ba."

Awaki suka daina tauna. Bunsurun ya cire tabarau. "A garinku zuwa ɗaya suke yi?"

Na ce, "Ni mai faci ne. Taya in ba ta zo ɗaya da 'yar'uwarta ba, mota ba ta tafiya daidai."

"'Yar taka mota ce?"

Ya buga mini hatimi a goshi da kofato, ya ce in wuce gona.

A gonar takalma ake nomawa. Silifa a fadama, sau-ciki a kan tudu. Mai gonar wata tsohuwa ce, Iya Tambai, tana zaune a kan keken ɗinki, tana takawa yana yi mata huɗa. Ta ce kowa tsinkensa yake shukawa, ƙafa ɗaya rami ɗaya. Amma baƙo ba ya shuka da yunwa. Ta miƙo mini tsire.

Na ci. Nama ya maƙale a haƙori. Hannuna ya tafi bayan kunne da kansa, yadda ya saba. Sai da na ji ƙas na duba. Gajeren tsinken ne na yi sakace da shi, ya karye.

Iya Tambai ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Ku mutanen can duk halinku ɗaya. A aike ku da awo, ku yi sakace da shi."

Na ce, "Iya, a raba dogon nan, ko a shuka shi sau biyu."

"Ta sake cusa tsumma ke nan? Ɗan nan, ba ka san ƙafar 'yarka ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni ne ban sani ba? Wa yake liƙe mata takalmi da gam in ya ɓalle? Tsawon ta hagun taƙin hannuna ɗaya ne, a cire faɗin yatsa biyu."

"To rubuta wa ƙasa."

Na ce ban iya rubutu ba. Ta ce ƙasar ma ba ta iya karatu ba. Sai na durƙusa na buɗe taƙina a kan kunya, na danna, na rage yatsa biyu. Dogon tsinken na soka shi a gefe. Ruwa ya taso daga ƙasa ya buge ni a haɓa.

Nan take tsiro biyu suka fito. Suka yi fure, suka ɗaure. Takalma ruwan zuma, babba da ƙarami, ƙaramin ƙasansa ya fi kauri.

Sai na ji ƙarar keke daga gabas, ba na Iya ba. Kat-kat-kat. Na ɗaga kai. Barira ce tsaye can nesa cikin rigarta, rigar kuma tana ƙara tsawo. Ta rufe ƙafafunta, ta malalo kan kunyoyi, ta binne silifa, ta nufo tsirona.

Na kai hannu zan tsinka. Iya Tambai ta ce, "Ba su nuna ba."

Na ce, "Sa nuna a hanya, kamar mangwaro."

Na tsinke su na hau kan rigar da gudu. Ina gudu tana tsawo. Takalman suna ɗumi a hannuna, suna ƙamshin sabuwar fata. Na yi ta kira, "Barira, tsaya! Na samo!" Ta juyo. Ta kama rigar da hannu biyu, ta fara ɗagawa a hankali. Na ga idon sawun dama. Na ga na hagu. Ƙarar keken ta cika gonar.

Na buɗe ido. Gari ya waye, keken kuwa na gaske ne, daga ɗakin Barira. Na fita ko hula babu.

"Barira! Kada ki ƙara!"

Ta ɗaga ƙafa daga keken. "Baba, lafiya? Ɗankwalin nake kalmasawa."

Rigar tana rataye a ƙusa, tsawonta na nan yadda yake. Na ce, "Ɗauko mayafinki. Wurin Tanko mai ɗinkin takalmi za mu. Ya auna kowace ƙafa, ya yi mata nata."

Ta sunkuyar da kai. "Zai gani fa, Baba."

"Ranar Asabar ma kowa zai gani. Shi ya fara."

Ta miƙe ta jawo mayafin. "To ina tsinkayen da na ba ka?"

Na ce, "Bar su. Sakace zan yi da su."