Lambobin Marigayi Plinio

Ana gobe addu'ar kwana tara ta mijinta, Doña Eduviges ta leƙa gindin mangwaro ta tarar da igiya, babu bunsuru.

Ba ta tambayi kowa ba. Bunsurun da aka tanada don ciyar da masu zuwa addu'a ba ya kwance kansa, kuma mutum ɗaya ne ya wuni jiya yana shafa masa baya: Fulgencio, ƙanin marigayi Plinio. Kwana biyu ke nan yana bin unguwa yana cewa yayansa ya zo masa a mafarki ya karanto masa lambobi goma. Kowa a San Pedro ya san mamaci ba ya gama tafiya sai an yi kwana tara, kuma in mai kirki ne yakan bar wa 'yan uwa lambar caca kafin ya wuce. Tun a maƙabarta ma rabin masu kukan da ido ɗaya suke yi, ɗayan yana kan lambar motar gawa.

Ta ciro malafar Plinio daga ƙusa, ta tare ɗan acaba, ta haye da baƙaƙen kayanta na takaba.

A bakin kasuwa ta hango bunsurunta ɗaure a rumfar Nicanor mahauci, yana cin kwali hankali kwance.

"Saye na yi, Doña, ba sata ba," in ji Nicanor. "In kina son abinki, ki maido min kuɗina da peso ɗari biyar a kai. Amma kafin yamma, don na riga na wasa wuƙa."

"Allah ya sa ta yanke maka yatsa. Kai ɗan acaba, ja mu je gidan caca!"

Mai gadi ya ga takaba ya ga fuska, ya matsa gefe. Ciki sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Can kusurwar keno, cacar zaɓen lambobi, ƙarƙashin allon lambobi tamanin, Fulgencio na tsaye gaban Yuderka mai yankan tikiti, da takarda a hannu ɗaya da kuɗin bunsuru a ɗaya.

Eduviges ta damƙe wuyan hannunsa.

"Wayyo! Matar Yaya, a nan? Da takaba?"

"Kai da ka sayar da abincin gawa kake min zancen takaba? Saki."

"Tsaya ki ji mana. Shi da kansa ya ba ni! Ga shekarunsa, saba'in da ɗaya. Ga lambar kabari. Ga ta motar gawa, na raba ta biyu. Gobe sa za mu yanka, ba bunsuru ba."

"Fulgencio, shekara talatin yayanka yana zama a kujerar can duk Asabar. Yuderka, 'yata, faɗa masa gaskiya, me ya taɓa ci?"

"Kofi na kyauta, Doña," in ji Yuderka. "Sai wata rana da ya ci kuɗin mota."

"To ka ji. Mutumin da bai san lamba ba yana da rai, mutuwa ce za ta koya masa lissafi?"

Wasu tsofaffi biyu da ke kusa suka kwashe da dariya, sannan suka tuna da mamaci suka yi alamar gicciye.

"A can ai ana ganin komai," in ji Fulgencio a sanyaye.

"Plinio ko tabaraunsa ba ya gani, yana kan goshinsa."

Ta murɗe hannun har yatsun suka buɗe, ta cusa kuɗin a cikin rigar mama, inda babu ƙanin mijin da ya isa. Fulgencio ya tsaya kamar zai yi kuka, kuma ta lura ba don kuɗin kaɗai ba ne. Shi ma yayansa ne ya mutu. Sai ta juya malafar, ta zaro takardar peso ɗari daga cikin zaren da ya zagaye ta.

Haka Plinio yake yi. Duk Asabar ya miƙa mata walat ɗinsa a bakin ƙofa, ya soke ɗari guda a malafa, ya je ya sha sanyi da kofi ya zagi gwamnati. In ɗarin malafa ta ƙare a caca, ya dawo gida. Ranar Juma'a ya mutu, bai kai ga kashe wannan ɗarin ba.

"Ungo. Wannan nasa ne, dama na zubarwa ne. Buga masa lambobinsa sau ɗaya, mu tafi."

Yuderka ta yanka tikiti. Ƙwallaye suka fara tsalle a cikin gilashi, lambobi ashirin suna kunnuwa a allo ɗaya bayan ɗaya. Fulgencio ya cire hula yana raɗa, "Yaya, kar ka ba ni kunya." Saba'in ta fito. Saba'in da biyu ta fito. Saba'in da ɗaya ko leƙowa ba ta yi ba. Kabari bai fito ba, motar gawa ba ta fito ba. Aka gama, babu ko guda cikin goman.

"Ka gani?" in ji Eduviges. "Shi ne dai. Bai canja ba."

Ta juya za ta tafi, Yuderka ta kira ta. "Doña, tikitinku ya ci fa."

"Ya ci me?"

"A gidan nan wanda ya zaɓi goma bai dace da ko ɗaya ba, ana ninka masa kuɗinsa biyar. Marigayi Plinio kullum sai ya dace da ɗaya ko biyu, shi ya sa ba ya samun komai."

Ta ƙirgo ɗari biyar. Eduviges ta dube su, ta tuna Nicanor da wuƙarsa, ta ɗaga ido sama. "Yau dai rashin amfaninka ya yi amfani, tsoho."

Fulgencio kuwa ya dafe kai da hannu biyu. "Ninki biyar! Matar Yaya, kin kashe mu! Da kuɗin bunsurun muka zuba, da yanzu bunsuru biyar ne! Kawo, kawo mu sake, yana nan kusa, ina jin sa!"

"Da ka zuba kuɗin bunsurunsa, da ya fito maka da lamba ɗaya tak don ya ƙuntata maka. Na fi ka saninsa." Ta kifa masa malafar a ka, ta ja ta har kunne. "Malafa ta ƙare. Wuce mu tafi."

Suka iske Nicanor ya riga ya kwantar da bunsurun. Ta watsa masa kuɗinsa, ta miƙa wa Fulgencio igiya. Ɗan acaba ya ce shi ba ya ɗaukar mutum biyu da dabba, don haka ita ta hau, shi ya bi da ƙafa, bunsuru na tunkuyinsa a baya har gida.

Washegari aka ci farfesu da rogo da ayaba har maƙwabta suka tafi da saura a kwano. Ana tsakiyar addu'a Fulgencio ya matso kusa da ita.

"Matar Yaya, jiya ma ya dawo."

"Ka ce masa ya kwanta," in ji ta, ba ta ko buɗe ido ba.