Rijiyar Maman Uche

Shekara ashirin da biyu Labaran ya yi yana haƙar kuza kafin kamfani ya rage ma'aikata. Ya dawo Anguwan Rogo ya zauna, hannu ya saba da diga, ga shi babu abin tonawa.

Farkon daminar 1978, Badung, tsohon abokin aikinsa da ya koma ma'aikatar gandun daji, ya same shi a ƙofar gida.

"Malam Labaran, wata ƙungiya daga waje ta ba da tallafi a dasa itatuwa bakin titi, daga Gada Biyu har a fita gari. Mai iya rami nake nema."

"Ramin kam na iya," in ji Labaran. "Dashen ne za ka koya mini."

Wata huɗu suna dasa itacen turare, suna kewaye kowanne da shingen ƙerana mai ƙaya saboda awaki. Damina na wucewa, tallafin ya ƙare, aka sallami leburori. Labaran dai bai iya zama ba. Kullum da safe yakan bi layin, yana ganin ganye na yin laushi.

Wata rana Ngozika, mai kantin kayan masarufi, wadda ake kira Maman Uche, ta gan shi tsugune gaban wani dashe da ya fara bushewa.

"Baba, an biya ka ne kake gadinsu?"

"A'a. Ni na sa su a ƙasa, shi ya sa."

Ta nuna masa bayan kantinta. "Akwai rijiya. Ga garwa biyu, ka ɗiba yadda kake so. Ni ma na gaji da rana tana dukan kayana."

Haka ya yi ta jidon ruwa yana ba dashen duk ranin nan, har kafaɗarsa ta yi kanta. Wasu itatuwan sun mutu, amma galibinsu suka kai ga ruwan farko.

Da Badung ya zo dubawa da manyansa, layin Labaran ne kaɗai ya yi kore shar. Sati biyu bayan nan aka ɗauke shi aikin dindindin.

Kafin ya kai wa iyalinsa labari, kantin ya fara zuwa.

"Maman Uche, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya raya miki zuri'a."

"Amin, Baba," ta ce, tana jawo masa benci. "Zauna tukuna ka sha shayi."