Turmin da Nazifi Ya Gusar

Kowa a gidan ya san idon Inna Kubra na tafiya, ban da ɗanta Nazifi, wanda kuwa aikinsa ke nan, duba ido. Shekarunsa shida a Beljik, majo ne, wato ma'aikacin jinya, a wani asibitin ido, ya wuni yana ɗaga fatar idon tsofaffin Turawa yana ɗiga musu magani. Na mahaifiyarsa kuwa, tun da aka haife shi bai taɓa kallon cikinsa ba.

Kada a yi saurin zaginsa, ko da yake ni ma na zage shi a zuci. Nazifi ɗan fari ne. Mu nan Arewa, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta haɗa ido da shi. Inna Kubra kuwa ta fi kowa riƙe abin. Tana yaye shi ta miƙa wa ƙanwar ubansa a Dogon Dutsi, can ya tashi, can ya yi lakwal, makarantar boko. In ya zo Matankari gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana fuskantar bango. In da magana, ta bakin wani take bi: "A ce ma wancan shi ci tuwo." Wancan ɗin shi ne sunansa a bakinta.

Shekarunsa na farko a Turai ya ji jiki, wannan ba ƙarya. Ga sanyi, ga takardun zama da aka yi ta ja masa rai a kansu, ga ɗaki kamar akurki. Karatun da ya yi a gida ma ba su yarda da shi ba, sai da ya koma aji ya zauna da yara, yana fita ya wanke kwanuka a gidan abinci. To Nazifi mutum ne mai son a tausaya masa. Duk abin da ya same shi sai ya ɗauki waya ya yi wa ƙanwarsa Bushira dogon saƙon murya, har da tari a ciki. Bushira, wadda gidan aurenta ke jikin nasu, sai ta zo ta kunna a tsakar gida. Inna na gefe tana tsintar wake kamar ba ta ji, alhali ko tarin bai wuce ta ba.

A lokacin ne ciwon kai ya fara damunta, ta riƙa ganin zobe-zobe kewaye da fitila. Daga baya gefen ganinta ya soma rufewa. Bushira ta ce bari a gaya wa Yaya, ai sana'arsa ce. Inna ta ce, "Kada wanda ya hwaɗa mai. Mutumen da bai ko samu wurin zama ba, ku ɗora mai wani kaya?" Ta sa Bushira ta rantse. Aka gwada tozali, aka gwada rubutu, aka gwada hayaƙi, ido bai fasa tafiya ba.

Can kuwa abubuwa sun daɗe da daidaita. Takarda ta fito, aiki ya zauna, ya koma gida mai taga biyu, har ya yi tumbi. Amma wannan labarin bai taɓa samun dogon saƙo ba. In ya kira ta bidiyo Bushira ta juya wayar wajen Inna, sai Inna ta kau da fuska, shi kuma ya yi dariya. Har labarin yake ba abokan aikinsa lokacin shan kafe, wai a ƙasarsu uwa ba ta kallon ɗanta na fari. Su yi ta mamaki, shi yana jin daɗi.

Bana ya samu hutun da bai kai wata ba. Washegarin saukarsa ya je Matankari, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tura tsaraba ciki, aka sa masa albarka daga cikin duhun ɗaki, kafin la'asar ya juya. Sauran hutun Yamai ta ci rabi wajen sabunta fasfo, Dogon Dutsi ta cinye ragowar. Ga ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ya nan, ga fada, wato majalisar abokai, ga shayi da kilishi. Abokai kuma suka riƙa kawo masa iyayensu. Yana da 'yar fitila siririya kamar biro a aljihun gaba, da ita ya leƙa idon rabin tsofaffin unguwa, ana ta cewa Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka.

Sai ana gobe zai hau kar, babbar motar fasinja, ya koma Yamai ya hau jirgi, sannan ya ɗauki kabu-kabu ya tafi Matankari sallama. Bushira na jin ƙarar babur ta kwance igiyar da aka ɗaura wa Inna take bi daga ƙofarta zuwa bayan gida, ta cusa a ƙarƙashin rumbu, kamar yadda ta yi ranar da ya kawo tsaraba.

Lokacin kaka ne, rana ta ƙwalle. Bayan gaisuwa Bushira ta fita neman nono wajen 'yan Fulani, gida ya rage daga shi sai Inna. Ya duba bai ga kujera ba, tabarma kuma duk an shanya wake a kai. Sai ya kama babban turmin da ke tsaye a tsakiyar gida, ya mirgina shi zuwa inuwar dogon yaro, ya kwantar, ya zauna. Turmin nan tun auren Inna yake wurin, har ƙasa ta yi masa gurbi. Ya ɗan taɓa waya, zafi ya ishe shi, ya tashi ya je bakin randa yana wanke fuska.

Nan Inna ta fito da ƙwaryar fura a hannun hagu. Ta ji shiru, ta ɗauka ya fita gaida maƙwabta, tana so ta ajiye masa a inuwa ta koma kafin ya dawo. Nazifi ya tsaya cik don kada ya ba ta kunya, yana kallonta ta gefen ido.

Tafiya take a miƙe, kanta sama. Da ta iso tsakiyar gida sai ta karkata, ta kewaye wurin da ba komai, ta miƙa hannun dama don ta shafi bakin turmi. Hannun ya kama iska. Ta ɗan tsaya. Ta sake lalubawa, sannan ta ci gaba a hankali zuwa inuwa, ga turmi kwance a gabanta, ƙato, da rana tsaka. Ta buga ƙwauri a jikinsa. Ƙwarya ta kife, fura ta bi ƙasa.

Ba ta yi ƙara ba. Ta durƙusa tana shafa ƙasa tana neman ƙwaryar, ƙwarya kuwa ga ta nan dab da gwiwarta.

Ruwan da ke hannun Nazifi ya zube bai sani ba. Ya san wannan tafiyar. Kullum yana ganinta a barandar asibiti, tafiyar masu tansiyon ido, waɗanda ciwon ya cinye musu gani daga gefe har ya bar musu 'yar ƙofa kamar ramin kara. Ya kuma san abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Abin da ya rage kaɗai ake tsarewa, shi ma in an yi sauri. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ba irin kunyar da aka koya masa ba.

Bushira ta shigo da nono, ta ga turmi, ta ga fura, ta ga fuskar yayanta. Ta ajiye kwano ta kama Inna ta kai ta ɗaki, ta fito.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Yaya, wa yac ce ka taɓa turmin ga?"

"Tun yaushe, Bushira?"

"Shekara huɗu. Ko biyar."

"Biyar! Ina nan da raina, kunka rasa mai hwaɗa min? Kin san mi nike yi can kuwa?"

Bushira ba ta da tsawo, amma bakinta ya isa. Ta matso ta rage murya don kada Inna ta ji.

"Mun sani mana. Gari duka ya sani, tunda ka duba na kowa. Ita ta hana. Kullum kai sanyi, kai takarda, kai ba ka barci. Tac ce in anka hwaɗa ma za ka baro aikin ka taho, wahalarka ta tashi banza. Ta sa ni rantsuwa. Kai kuma da kas samu daɗi, ka taɓa cewa a hwaɗa ma Inna ta kwantar da hankalinta? Wancan zuwan da kay yi shekara ukku baya, nic ce maka tana ciwon kai. Mi ka ba ni?"

Ya tuna. Kwalin maganin ciwon kai ya ciro daga jaka ya miƙa mata, yana tsaye, babur na jiransa a waje. Da a lokacin ya haska fitilar nan sau ɗaya, da yanzu Inna na zura zare a allura.

Ya nufi ɗakin, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Sai kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tsallaka dokin ƙofa ya shiga. Inna na zaune bakin gado tana murza ƙwauri. Ta ji takun ba na Bushira ba ne, ta ja mayafi ta juya wa bango.

"Ke Bushira, ki ce ma wancan hura ta zube, a dama wata."

"Inna," ya ce, "ba hura ta kawo ni ba. Idonki za ni dubawa."

"Ki ce mai lahiyata lau."

"Inna, don Allah. Ki yi min hushi daga baya."

Bushira na tsaye a ƙofa tana share hawaye da gefen zane. Can Inna ta saki mayafin, ta juyo, ta ɗora hannuwa a cinya kamar wadda za a ɗauka hoto.

Ya durƙusa a gabanta. Hannun da ya taɓa fuska dubu ba tare da ya ji komai ba, yau da ƙyar ya ɗaga shi. Ya ce ta rufe ido, ya ɗora yatsu biyu a kan fatar na dama ya danna a hankali. Tauri kamar tsakuwa. Ya buɗe ya haska, ƙwayar ba ta ko motsa ba. Wannan ya tafi. Ya koma na hagu, ya haska, ƙwayar ta ɗan tsuke, a kasale.

"Kina ganin wutar?"

"Ina gani."

Ban da gaisuwa, karo na farko ke nan da ta amsa masa ba ta bakin kowa ba.

Ya ce gobe da ita za a hau kar, da Bushira. Akwai likitan ido a Yamai da suka yi karatu tare, zai kira shi yanzu, za a auna, a fara ɗigo, wataƙila har aiki. Na hagun ana iya riƙe abin da ya saura, in Allah ya so. Yana faɗa yana jin yadda maganar ke fita sumul, irin wadda yake yi wa baƙi. Abin da bai faɗa ba, su duka uku sun san shi. Zai sauke su a ƙofar asibiti ne ya wuce filin jirgi, don ranar Litinin akwai tsofaffin wasu da ke jiran ya ɗiga musu magani.

"In ƙara kwana," ya ce, "in kira su in ce…"

"A'a. Ka koma ma aikinka. Don shi anka yi shiru."

Wannan ta fi zagi ciwo. Ya sunkuyar da kai, ya kai yatsa zai kashe fitilar. Sai ya ji hannunta a kan nasa, busasshe, mai ɗumi. Ta lalubo 'yar fitilar, ba ta karɓe ba, ta dai juya hannun nasa har hasken ya koma kan fuskarsa.

"Tsaya haka nan," ta ce.

Ta matso. Ta karkata kai, tana neman sa da ɗan abin da ya rage mata, ta same shi. Ta bi goshinsa, ta sauko hanci, ta tsaya a gemu, ta sake hawa, a hankali, yanki-yanki, don ƙofar ba ta isa ta ɗauke shi gaba ɗaya ba. Hasken na sukar idonsa, hawaye na zuba, bai ƙifta ba. Bushira ta bar ƙofar ta koma tsakar gida, aka ji tana mirgina turmi zuwa gurbinsa.

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki hannunsa.

"Ina ta cewa sai ka dawo gaba ɗaya in dube ka da kyau," ta ce. "Ashe har ka yi hurhura."