Yumɓun Bayan Dam

Ramin da matan ƙauyen su Perpetual ke haƙar yumɓu tun zamanin kakanni yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tarwaɗa na yawo a kansa. Alhaji Manniru, ɗan kasuwa daga Zariya, shi ya sayi kwarin nan na bayan Kwali, ya sa katafila ta tare rafin da tudun ƙasa, ya zuba kifi. Injiniyoyin gwamnati sun zo dubawa sau ɗaya. Suka leƙa ƙasan dam ɗin, suka ga gonakin doya, suka ce haɗarinsa ƙarami ne, ko ya fashe ba mai mutuwa. Suka ci gasasshen kifi suka tafi. Daga baya Alhaji ya yanka gonakin ya sayar, mutane suka gina gidaje. Ba wanda ya dawo ya sake leƙawa.

Gidan Perpetual ne na farko a gindin tudun. A ciki tsohuwarta take kwance, ƙafa ta daina ɗaukarta.

Mai ginin tukwane ba ta zama babu yumɓu. Da rani Perpetual ta gano ƙasar da aka danne a bayan dam ɗin ta fi ta tsohon ramin laushi, ba tsakuwa. Ta fara ɗiba da fartanya a inda ciyawa ta rufe. Ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa matan cocinsu. Kafin ruwan fari, sabon ramin ya isa mutum ya shiga a tsugune. Tulunan bana ko ɗaya bai tsage a wuta ba.

Da damina ta yi nisa ramin ya fara gumi, ruwa garai-garai, har mata na tarar na wanki. Ran nan da hantsi sai ya koma ja, yana fitowa da ƙasa. Perpetual ta cusa yumɓu ta danna da diddige. Ya tsaya, sannan ya ɓullo ta gefe.

Ta hau tudun. Ruwa ya kusa baki. Alhaji na zaune a rumfa yana latsa waya.

"Oga Alhaji, sannu da hutawa. Dam ɗinka yana fitsari ta baya."

"Madam tukunya! Kowane dam yana ɗan tsatsafo ai."

"Wannan ja ne. Ka buɗe bututun fitar ruwa, ruwa ya ragu small."

"In buɗe, kifina ya tafi Kwali a ƙafa? Sai an kwashe tukuna. Injiniyoyi sun duba, sun ce ba komai." Ya ɗago kai. "Ta ina ma yake fita? Da rola aka danne ƙasar nan. Sai dai in wani ya taɓa ta."

In ta faɗa, wataƙila ya buɗe bututun. Amma tabbas zai kira 'yan sanda, kuma ba mai juya tsohuwa a kan tabarma sai ita. Ta ɓoye hannuwanta a cikin zane.

"Ban sani ba, Alhaji. Ko gafiya ne."

"To gafiya ba ta ka da dam," ya ce, ya koma kan wayarsa.

Kafin ta sauko hadari ya haɗu a gabas. Jan ruwan ya riga ta isa ƙofar gida, siriri, ba ya ƙara. Ta shiga ta goya tsohuwar, ta ɗaure da majanyi biyu.

A hanya ta wuce maƙwabta suna kwashe ɗanyun tukwane daga tsakar gida kada ruwan sama ya ɓata su.

"Perpetual, ina zuwa da Mama haka?"

"Chemist," ta ce, ta ƙara sauri ta nufi tudun coci.