Ɗorawar da Labbo Ya Sani

Shekara goma sha takwas Labbo ya yi a gidan yarin Gusau, kuma duk 'Yandoto babu wanda bai san dalili ba. A kan iyakar gona suka yi sa-in-sa da maƙwabcinsa Salisu, zuciya ta ɗebe shi, ya ɗaga ƙotar fartanya. Sau ɗaya ya buga, amma Salisu bai kai asibitin Tsafe da rai ba. Alƙali ya yanke masa ɗaurin rai da rai.

A ciki ya koyi kafinta, har ya zama shi ke koya wa sababbin zuwa. Gandirobobi suka shaide shi da sanyin hali, suka yi ta sa sunansa a takarda. Ranar bikin 'yancin kai na 1998 aka karanta waɗanda gwamnati ta yi wa afuwa, sai ga nasa a ciki. Ranin nan a Bungudu ya yi shi, wurin ƙanwarsa Lantana, yana gyaran ƙofofi da kujeru. Amma damina na faɗuwa, ƙamshin ƙasa ya hana shi sukuni. Gida yake so.

Mai unguwa Garba ya karɓe shi a gaban dattawa, bai ɓoye masa komai ba.

"Gwamnati ta yahe maka, mu ba mu ja da ita," in ji shi. "Amma ran da anka sake jin sunanka bisa maganar iyaka, ran nan za ka bar garin ga, ba komowa."

Labbo ya ce ya ji ya yarda.

Ƙanensa Aminu ne ke riƙe da gonar duk shekarun nan, ya riga ya shuka gero, saura noman farko. Ya ce zai raka shi ya gwada masa inda ta tsaya. Labbo ya yi dariyarsa ta farko tun isowarsa.

"Gonar ubana za ka gwada mani? Daga ɗorawa zuwa rahi ne, ko ido ruhe na san ta."

To, zaman gidan yari ya sauke wa Labbo zafin zuciya, amma taurin kan nan na gado yana nan daram.

Da sassafe ya isa, ga ɗorawa tsaye da inuwarta. Ya yi bisimilla ya duƙa, ya nufi rafi kunya bayan kunya. Bayansa na ciwo, tafin hannunsa na zafi, shi kuwa daɗi kamar ya yi kuka. Har rana ta ɗaga bai miƙe ba, sai da fartanya ta daki wani abu ta yi tsalle. Ya share ciyawa, sai ga ruɓaɓɓen kututture, faɗinsa ya kai faifai uku.

Wannan ce ɗorawar da ya sani. Waccan da ya faro daga gindinta ƴar tsiro ce lokacin da aka tafi da shi, kuma a tsakiyar gonar Salisu take. Duk noman da ya yi tun safe a gonar mamacin ya yi shi.

Yana ɗaga kai ya ga mutum tsaye da fartanya a kafaɗa. Ba sai an gaya masa ba, fuskar Salisu ce sak. Abdulaziz ne, ɗansa, wanda aka bari maraya yana shekara bakwai. Manoman da ke gonakin gefe duk sun miƙe suna kallo.

Labbo ya yi jifa da fartanyarsa can nesa. Ya tsuguna ya ɗora hannuwa biyu a ka, yadda suke yi in gandiroba ya daka tsawa.

"Wallahi kuskure na yi," ya ce. "Iccen ne ban gane ba."

Abdulaziz ya dubi kunyoyin da aka nome, ya dube shi, ya juya ya nufi gari. Labbo ya ɗauka wurin mai unguwa za shi. Bai tashi ba. Baƙin ciki ya cika shi, kwana uku kacal da dawowa, kuma da hannunsa ya jawo.

Da Abdulaziz ya dawo, ba mai unguwa ne a bayansa ba. Wata dattijuwa ce ɗauke da ƙwarya, Hafsatu, matar Salisu. Ta tsaya a kansa.

"Tashi, Labbo. Nan ba Gusau ba ne."

Ya sauke hannuwa, amma ya kasa dubanta.

"Tun da anka ce an sako ka nike tsoron ranar da za ka haɗu da ɗana a wurin ga, kowa da hwartanya tai," ta ce. "Ya ce mani taka jehwa ta ka yi."

"Hafsatu, ki yi mani..."

"Ban ce na manta ba, kuma ba ni mantawa. Amma mu dai a garin ga, mutum ba ya yi muna noma tun sahe ya koma da yunwa." Ta ajiye ƙwaryar a gabansa. "Sha."

Ya ɗauka da hannu biyu. Hawaye na zuba cikin furar, ya sha abinsa haka nan.

Abdulaziz ya taka har inda fartanyar ta faɗi, ya ɗauko, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikinta. Ya riƙe bakin ƙarfen, ya miƙa wa Labbo ƙotar.

"Baba, daga kututturen ga taku ta hwara," ya ce. "Mu je, rana na yi."

Ya kama kunyar da ke kusa da ta Labbo, suka duƙa tare suka nufi rafi.