Kan Lamba Biyar

"Kada ka yanke, Mai Gyara! Wallahi in ka yanke zaren nan ban yafe ba!"

Lamba Biyar ke nan daga kan gadonsa. Kwana uku murya ta ƙi fita, sai yau ta dawo don ta yi mini tsawa. Ni kuwa ina tsugune da almakashi, kaset ɗin bidiyo a buɗe a gabana, zarensa ya cukurkuɗe.

Shekara talatin muna maƙwabtaka. Ɗan ƙwallo ne a zamaninsa, ɗan baya. Ƙungiya uku ya buga wa, biyu a gida, ɗaya a waje, ya sa rigar ƙasa sau arba'in da ɗaya. Ƙwallo ɗaya tak ya ce ya ci wa ƙasa, da ka, a wasan da ya kai mu gasar nahiya. Amma jaridu suka rubuta cewa ɗan bayan abokan karawa ne ya ci gida. Ni da bakina ba ya shiru, kullum sai na tsokane shi: "Kanka ne ko iska?" Ya yi dariya. Ashe abin na cin sa.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, likita ya ce a mai da shi gida, sai matar marigayi mai tsaron ragarsu ta aiko da kaset ɗin wasan, ta tsince shi a akwatin mijinta. Na kakkaɓo tsohon injin bidiyo daga shagona, na saka. Ana shirin bugun kusurwa, injin banza ya tauna zaren. Kai, na ji kamar in nutse!

Na ce wa matarsa, "Maman yara, taimaka mini da cokali da ruwan zafi."

Na ɗumama cokalin, na goge shi, na shimfiɗa zaren a kan faranti ina lallaɓa shi da bayan cokali. Na bi shi a hankali har ya miƙe. Numfashinsa kuwa sama-sama, ina ji a bayana.

Na mayar, na danna. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga kusurwa. Ga wani dogo ya tashi sama, lamba biyar a gadon bayansa.

"Tsayar!" in ji shi.

Na tsayar. Ƙwallo a goshinsa, ƙiri-ƙiri. Ɗan bayan da aka ba wa cin ma ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba.

Ihun da na yi sai da telan layinmu ya bar kekensa, mai wanki ya shigo da kumfa a hannu. Ɗaki ya cika maƙil. Sau tara muka maimaita, kowane karo ana tsalle kamar yau aka ci. Maman yara tana dariya tana share hawaye.

Ya yafito ni da yatsa. "Mai Gyara, kaina ne ko iska?"

"Kanka ne, yaya. Ka yafe mini."

"Na yafe. Sake sa mana."

Washegari da hantsi ya cika. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Bayan kwana uku na shiga ɗaukar injina. Na tarar Maman yara ta kunna da kanta, ta tsayar da hoton daidai inda ya tashi sama, tana goge gilashin talabijin da bakin zanenta.

Ta ce, "Ɗan bar shi tukuna. Bai sauko ba."