Canjin Ƙarfe Biyu

"Ga shi nan ya sake, Malam. Dubi hannun."

Rifkatu ce ta faɗa, tana tsugune a bakin gadon mijinta da kofin kunu a hannu. Na matso na duba. Ishaya ya ɗaga yatsu biyu, ya riƙe su a sama na ɗan lokaci, sannan ya kai hannun kafaɗarsa ta hagu ya bubbuga. Idanunsa suna kan ƙofa.

"Ko ƙwayar magani biyu yake so?" na tambaya.

"Na ba shi. Ya tofar."

"To, kafaɗar ce ke ciwo."

"Malam, kwalbar man zafi guda na ƙarar a kafaɗar nan. Jiya da na ɗauko sabuwa, sai ya harare ni kamar na ƙona masa tuwo."

Kwana uku ke nan da aka dawo da shi daga asibiti. Likita ya ce ƙurar auduga ta cinye ƙirjin, a kai shi gida ya huta. Duk mun gane abin da ake nufi da hutun. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace, murya kuwa ta tafi gaba ɗaya.

Wannan ne ya fi ba ni tausayi, don a duk layinmu na Dakata babu mai murya irin ta Ishaya. Shekara goma sha shida ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Bompai, ƙarar injuna ta toshe masa kunne, shi kuma ya ɗauka kowa ma haka yake. Idan ya ce, "Malam Tijjani, zo in gaya maka wani sirri," to mai shayin bakin titi ma ya shirya ji. Shekarar da ya sayi akuyar Kirsimeti ya ɓoye a bayan ɗakina don ya ba matarsa mamaki, a kunne ya raɗa mini. Kafin ya rufe baki Rifkatu ta amso daga madafa, "A ba ta dusa, kada ta rame!"

Ni malamin aji huɗu ne, na saba da yaron da ya san amsa amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Na koma ɗakina na ɗauko ƙaramin allo da alli, na sa masa a hannu. Ya dubi allin, ya dube ni, ya sake shi ya faɗi ƙasa. Sai ya kuma ɗaga yatsu biyu.

"Kullum war haka yake yi?"

"Kullum, da rana ta take. In an wuce azahar sai ya juya fuska bango, ba ci ba sha. Fasto ya zo jiya ya yi addu'a, ya ce masa, 'Ɗan'uwa, ka kwantar da ranka.' Ai ba ya kwanciya, Malam. Kamar mai jiran mota."

Na duba agogona. Ɗaya da minti ashirin da biyar. A daidai lokacin na ji ƙaramin motsi a zaure, motsin wanda ba ya so a ji shi.

A nan dole in koma baya kaɗan in yi bayanin keken.

Ishaya mutumin Zonkwa ne, dogo har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Gwadabe, wanda ke haya a gidan da ke kallon namu, mutumin Ringim ne, a tsaye iyakarsa hammatar Ishaya. Injuna huɗu iri ɗaya suke kula da su, ɗaya da safe ɗaya da rana, duk mako su yi musaya. Suka haɗu suka sayi keke guda, suka tsara masa doka wadda har yau ban ga mai kyanta ba. Mai aikin safe ya tafi a ƙasa da sanyin asuba. Mai aikin rana ya hau keke cikin zafi ya je ya karɓe shi ƙarfe biyu. Wanda aka karɓa ya hau keken ya dawo gida. Wanda ya rage ya tako a ƙasa bayan gari ya yi sanyi. Ba wanda rana ta taɓa duka a cikinsu. A zauren gidanmu keken ke kwana.

Matsala ɗaya ce: sirdi. Kullum sai an ɗaga, kullum sai an sauke. Sifana ɗaya suka ɗaure a ƙarƙashin sirdin da zaren masaƙa. Shekara goma sha ɗaya ana kwancewa ana ɗaurewa, har noti ya cinye, sirdi ya fara zamewa da kansa. Suka kawo ƙara wurina, wai ni mai ilimi ne. Na ɗauko rular makaranta na auna ƙafar kowa daga ƙugu zuwa diddige, na raba biyu, na sa alama da alli a tsakiya. Hukuncin bai yi mako ba. Ishaya ya ce gwiwarsa tana dukan haƙarƙarinsa. Gwadabe ya ce shi da feda sai dai su gaisa daga nesa.

Wata Lahadi, Ishaya yana coci, Gwadabe ya tura keken wurin mai walda, aka liƙe sirdin a ƙasa can, daidai tsawonsa.

Ishaya bai yi faɗa ba, abin da ya tsorata mu ke nan. Ya tsaya ya dubi waldar, ya shafa ta da yatsa, ya wuce ɗaki. Tun daga ranar bai ƙara taɓa keken ba. Wata takwas yana zuwa Bompai a ƙasa yana dawowa a ƙasa, har cikin zafin bazara, yana tafe yana tari. Gwadabe ya yi ta jingine masa keken a bakin ƙofar masaƙa, shi kuma ya yi ta wuce shi kamar bai san shi ba. Gaisuwa ma ta tsaya. Da Ishaya ya kwanta, Gwadabe bai leƙo ba ko sau ɗaya. Sai dai Atika matarsa ta shigo da kwanon fura, ta ce, "In ji maigidan, amma ya ce kada a ce in ji shi."

Na fito zaure na sami Gwadabe ya ɗauki keken cak a kafaɗa, yana sanɗa, don kada kaca ta yi ƙara.

"Malam Gwadabe, keke ne ya gaji ka goya shi?"

"Na'am?" Shi ma kunnen ya tafi.

Na ɗaga murya. "Na ce ina wuni!"

"Lafiya lau, Malam! Sauri nake! Foman ya ce wanda ya makara a watan nan sunansa ya shiga takardar sallama!"

Gaskiya ya faɗa. A shekarar masaƙu suna ta rage ma'aikata, kowace Juma'a sai an liƙa sunaye a bakin ƙofa.

"Ba zan tsare ka ba. Tambaya ɗaya ce. Mene ne wannan?" Na ɗaga yatsu biyu, na bubbuga kafaɗata ta hagu.

Ya sauke keken a hankali.

"Wa ya koya maka?"

"Maƙwabcinka. Kwana uku yana yi, mun shafe shi da man zafi har ya gaji."

Gwadabe ya zauna a kan dakalin zaure, ya cire hula ya riƙe. Ya yi ƙoƙarin yin magana ƙasa-ƙasa, amma na tabbata har tsakar gida an ji.

"Malam, a cikin masaƙa ba a jin magana, da hannu muke yi. Kuma mai inji ba ya barin inji. Ko jiniya ta busa, ko fitsari ya matse ka, ko an ce gidanku na cin wuta, kana nan tsaye sai mai karɓarka ya zo ta bayanka ya dafa maka kafaɗa. Sannan ka saki. In ya makara, kai ne a tsaye." Ya juya hular a hannunsa. "Cewa yake biyu ta yi, ina mai karɓata."

"To, ga ka."

"Ba zan iya ba." Ya nuna waldar da haɓa. "Ni na sa shi tafiya a rana wata takwas. Da wane ido zan dube shi?"

"Likita ya ce auduga ce, bai ce rana ba."

"Likita bai san keken ba."

Na zauna kusa da shi. Ban yi masa wa'azi ba, don na lura manya ma kamar yara suke, in ka cika bayani sai su daina ji. Na dai kwance agogona na ajiye a kan gwiwarsa. Biyu saura kwata.

"Wa ke kan injunan yanzu?"

"Wani Bala, sabon ɗauka."

"Zai tafi in ba ka je ba?"

"Ina fa! Ai doka ce. Yana nan tsaye sai na zo."

"To mutum biyu ke jiranka. Ɗaya yana da ƙafafun tsayuwa."

Ya daɗe yana kallon agogon. Sannan ya mayar da hularsa, ya gyara wuyan rigar aiki, ya miƙe.

Bai yi sallama ba, bai ce sannu ba. Ya shiga ɗakin kamar yadda na ɗauka yake shiga masaƙa, ya zagaya ta bayan gadon ya tsaya wajen kafaɗar hagu. Rifkatu ta buɗe baki, na yi mata alama ta bari.

Ishaya ya juyo da ido. Ya dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba. Sai ya nuna wuyan hannunsa inda ake ɗaura agogo.

"Ban makara ba, Dogo!" Gwadabe ya daka tsawa. "Saura minti shida! Tambayi Malam!"

Hannuwan Ishaya, da suka kwana uku kamar tsumma, suka farka. Ya ɗaga yatsu uku, ya ja wani zare da ba a gani, ya tsinke shi.

"Wai inji na uku yana tsinka zare," Gwadabe ya fassara mana. "Na sani! Tun bara nake gaya wa foman!"

Ishaya ya murza babban yatsa a tafin hannu.

"Wai in riƙa sa wa na huɗu mai. To, ubana, na ji."

Daga nan ya nuna Rifkatu. Ya nuna hoton da ke jikin bango, na 'yarsu Ladi cikin kayan makarantar kwana. Ya haɗa yatsunsa biyu ya ɗora a tafin Gwadabe, ya naɗe masa hannun a kai. Muka jira fassara.

"Wannan ba taku ba ce," in ji Gwadabe. Karo na farko ke nan da na ji ya yi magana a hankali.

Sai Ishaya ya yi abu na ƙarshe. Ya murɗa hannu kamar mai juya sifana. Sannan ya sauke tafinsa ƙasa, ƙasa, har ya kusa taɓa daɓe, ya nuna Gwadabe. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Ka ji shi ko, Malam? Yana kwance ma sai ya ce mini guntu!" Gwadabe yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Laifina ne, Dogo. Na ji. Mai waldar ma bai iya aiki ba."

Daga can Bompai jiniya ta taso, siririya saboda nisa. Ban sani ba ko su biyun sun ji ta, ko jikinsu ne kawai ya san lokacin. Gwadabe ya goge tafinsa a riga, ya dafa kafaɗar Ishaya ta hagu, ya bubbuga sau biyu.

Ishaya ya saki dogon numfashi. Ya karɓi kunu cokali uku daga hannun matarsa, ya rufe ido, ya yi barci irin wanda bai yi ba tun dawowarsa. Gwadabe ya hau keke ya tafi ya karɓi Bala, ya makara da minti arba'in. Ana kiran la'asar Rifkatu ta fito tsakar gida ta tsaya, muka gane Ishaya ya cika.

Washegari aka ɗauki gawar zuwa Zonkwa. Gwadabe ya zauna a bayan motar tare da akwatin tun daga Kano, ya ce ba a barin mutum shi kaɗai a hanya. Sunansa bai fito a takardar sallama ba. Atika ta ce foman da kansa ya ce bai ga wanda ya makara ba ran nan.

Layinmu ya yi shiru. Har yanzu in na sayo wani abu na ɓoye wa iyalina, sai in ji kamar wani zai tona ni daga ɗaki na gaba, kuma ba mai tonawa.

Bayan mako biyu na dawo daga makaranta na tarar da keken a zaure. An yanke waldar, an sa sabon noti. Sirdin yana can sama, ya wuce tsohuwar alamar allina da kusan taƙi guda. Sifanar tana rataye a ƙarƙashinsa da sabon zare.

"Malam Gwadabe, ai ka manta ba ka sauke ba."

"Na'am?"

"Sirdin!"

"Rabin keken na Ladi ne!" ya ce. "Doguwa ce, ubanta ta biyo!"

Ladi tana makaranta a Zonkwa, kuma ba ta iya keke ba.

Ya tura shi waje, ya taka dakalin ƙofar gida kafin ya iya hawa. Na tsaya ina kallonsa ya miƙi hanyar Bompai cikin rana, yana karkata dama, yana karkata hagu, yatsun ƙafarsa suna taɓo feda da ƙyar, har ya sha kwanar mai shayi.